Sana'a, mulki da jin daɗin talaka: tambayoyi da amsoshi daga Maraɗi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa tsakanin masu ƙananan sana'o'i, matan asusu, manoma da matasan da suka gama karatu suna neman abin yi. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi.

Idan an ce "jin daɗin rayuwar al'umma", me ake aunawa?

Ba kuɗi kaɗai ake dubawa ba. Tun 1990 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, take fitar da ma'aunin da ya haɗa abu uku: tsawon ran mutane, yawan shekarun da suke yi a makaranta, da abin da suke samu. Masanin tattalin arziki Mahbub ul Haq ɗan Pakistan ne ya tsara shi, tare da Amartya Sen ɗan Indiya. A rahoton 2020 Nijar ce ta 189 cikin ƙasashe 189. A zaman gida, abin da wannan ke nufi shi ne: yaro ya tsallake shekara biyar da ransa, yarinya ta iya karanta takardar magani, magidanci ya kai watan Agusta bai sayar da gonarsa don tuwo ba.

Maraɗi ana kiranta cibiyar kasuwancin Nijar. Me ya sa talauci da tamowa suka yi mata katutu?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, sauran duk daga gare ta suka fito. Ku tuna 2005. A shekarar ce duniya ta ga hotunan yaran jihar Maraɗi masu tamowa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a faɗin ƙasa, kuma Maraɗi ce tsakiyar abin. Amma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Yana nan jibge, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Fara da ƙarancin ruwa sun taɓa damanar 2004, farashi ya hau a Najeriya ya janye gero zuwa kudu, gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan wasu kayan masarufi a farkon 2005 har sai da jama'a suka yi zanga-zanga, sannan aka daɗe ana sayar da hatsi da rangwame maimakon a raba kyauta ga waɗanda ko rangwamen ba su iya biya.

Abin da ya kamata a ɗauka daga nan: ciniki yana kawo kuɗi cikin gari, amma ba shi ke yanke inda kuɗin za su sauka ba. Hukunce-hukuncen masu mulki kan haraji, iyaka, ajiyar hatsi da asibiti su ne ke sa ribar babbar kasuwa ta isa tukunyar wata mata a ƙauyen Madarunfa, ko ta tsaya a sito.

Akwai kuma yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 3.4 a jihar, kuma binciken lafiya na shekarar ya nuna mace a Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa 8.4 a matsakaici, sama da 7.6 na ƙasa baki ɗaya. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki da yawa ke raba ta yau. (Duba amsar da ke magana kan kuɗin mata.)

Alhazan Maraɗi da kansu suka yi arziki, ko gwamnati ce ta ɗaga su?

Duka biyun, kuma wanda ya ce ɗaya ne kawai bai faɗi tarihi daidai ba. Tushen shi ne gyaɗa. A zamanin Turawa kamfanonin Faransa ke sayenta, ƴan ƙasa kuwa su ne masu awo da ke shiga ƙauyuka da kuɗin kamfani. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 aka mai da gari bisa tudu, kasuwa ta sami fili. Da aka sami ƴancin kai, gwamnati ta kafa Sonara a 1962 don ta riƙe cinikin gyaɗa, ta ba wasu ƴan kasuwa izinin saye, bankin raya ƙasa kuma ya ba su bashi. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya toshe wa arewacin Najeriya hanyar teku, sai ƴan Maraɗi suka zama masu kai kaya. Da farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, suka koma fito: taba sigari, atamfa, daga baya shinkafa, a sauke a Kwatano, a kawo Maraɗi, a tsallaka da su Katsina da Kano.

Basira da amana nasu ne, ba mai ƙwace musu wannan. Tsarin ubangida da bara, inda yaro zai yi shekaru yana hidima kafin a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, ya fitar da ƴan kasuwa fiye da kowace makaranta a garin nan. Amma a kowane mataki akwai izini, ko bashi, ko doka ta wata gwamnati a ɗaya daga ɓangarorin iyaka.

To ba kowace sana'a ce ke ɗaga jama'a ba?

Kowace sana'ar halal tana rufa asiri, wannan babba ne. Sai dai akwai bambanci tsakanin sana'ar da mutum ya shiga don babu wani abin yi da wadda ke girma har ta ɗauki ma'aikata. Idan masu kabu-kabu suka ninka a Zariya ko Ali Ɗan Sofo amma fasinjoji ba su ƙaru ba, abin da aka yi shi ne raba kuɗi ɗaya tsakanin mutane da yawa. Haka masu tebur goma da ke sayar da sukari da Lipton a layi ɗaya.

Fito ma yana da wannan rauni. Babbar mota ta shigo da kaya ta fita da su, riba mai kauri ta shiga hannu kaɗan, aikin da ta bari shi ne na ƴan dako da direbobi. Kwatanta da aya ta Agye da Cadawa, ko riɗi, ko wake, ko fatar jar akuyar Maraɗi da aka san ta har Turai. Yawancinsu ɗanye ake fitar da su. Duk matakin da aka ƙara a gida, tacewa, matsar mai, jima, ɗinki, sakawa a leda mai suna, aiki ne ga wani. A ganina, nan ne ya kamata jarin garin ya karkata, kuma abin da ya fi hana shi karkata shi ne wuta da rashin tabbas, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Ni mai ɗan shago ne, ba na siyasa. Ina ruwana da mulki?

Ɗan'uwa, ko ba ka kula mulki ba, shi yana kula ka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 don hana shigar shinkafa, ba a tambayi kowa a Ɗan Isa ko Jibiya ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024, iyaka kuma sai a watan Maris ta buɗe. A tsakanin nan mai walda, mai niƙa, mai ƙanƙara da tela duk sun koma janareta ko sun zauna. Iyakar Benin kuwa ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, da tsada da haɗari.

Mutane sun saba cewa abin da ɗan kasuwa ke so shi ne a rage masa haraji. Abin da ya fi buƙata shi ne ya san gobe. Wanda bai san ko hanya za ta kasance a buɗe bayan wata shida ba, ba zai sayi injin matsar riɗi ba. Zai sayi fili ya kewaye, ko ya ajiye kuɗin a kayan da zai iya sayarwa cikin mako. Wannan ba ragwanci ba ne, lissafi ne. Illarsa kuwa a kan matasan da injin zai ɗauka aiki take sauka.

Faɗuwar naira alheri ce gare mu ko masifa?

Ya danganta da wanda ya tambaya. Sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, naira kuwa an sake ta a Yuni 2023, ta tashi daga wajen 460 kan dalar Amurka ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mai sayo kaya daga Kano ya ji daɗi, don jikkarsa ta yi nauyi. Makiyayi da mai wake da ke sayarwa a naira sun ji jiki, haka iyalan da ke jiran aike daga ƴan cirani. Mai ƙaramar masana'anta a Maraɗi kuma dole ya yi gogayya da sabulu da taliyar Kano masu araha.

Man fetur ya bi wata hanya dabam. Da Najeriya ta cire tallafi a ƙarshen Mayu 2023, sana'ar ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur a bakin hanya, ta karye, jama'a suka koma gidajen mai, kuma a watan Maris 2025 aka ga layuka domin matatar Soraz ta Damagaram, mai ganga 20,000 a rana, ba ta iya ɗaukar buƙatar ƙasa duka ba.

Yin rajistar sana'a yana da amfani, ko kiran masu haraji ne kawai?

Gaskiya ne, rajista tana sa a san da kai. Amma ba tare da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF ba, ba za ka nemi kwangilar gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji ba, ba za ka buɗe asusun kamfani a banki ba, ba za ka shigo da kaya da sunanka ba. Nijar na cikin ƙasashen Afirka 17 na ƙungiyar OHADA masu dokar kasuwanci iri ɗaya, kuma tun gyaran 2010 dokar ta tanadi matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a, wanda bayyana kansa kawai zai yi ba sai ya kafa kamfani ba. Ofishin ƴan kasuwa na jiha shi ne wurin fara tambaya.

Shawarata: mai tallan goro ba ta da abin da za ta samu a ciki yanzu. Amma wanda ya kai ga ɗaukar yara biyu ko uku, yana kuma hangen sayarwa ga makaranta ko asibiti, rashin takarda ya fi harajin tsada a gare shi.

Me ya sa zan biya fatanti da tikitin kasuwa alhali ba na ganin aikin da aka yi da su?

Ƙorafin yana da tushe. Wanda kwatar ƙofar shagonsa ta cushe, ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya shiga masa kaya, ba a zo masa da wa'azin biyan lanho ba. Amma ƙin biya ba ya gyara kwata, ƙara ba mai karɓa damar sasantawa a bayan fage yake yi. Abin da ke hannunka: kada ka ba da ko dala ba tare da rasit ba, kuma ku nemi sanin kasafin ma'aikatar magajin gari a ƙungiyance, ta hannun shugabannin ƴan kasuwa, ba ɗaya-ɗaya ba. Zaɓaɓɓun kansiloli sun kama aiki bayan zaɓen 2004. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, kuɗin na jama'a ne, tambayar inda suka shiga ba rashin kunya ba ce.

Ɗan abin da ake miƙawa a shingen hanya, har ya kai a kira shi matsala?

Ya kai. Direba ba daga aljihunsa yake biya ba, a kan buhu yake ɗorawa, mai tiya ɗaya ita ke biya a ƙarshe. Kuma nauyin ba daidai yake sauka ba: mai tirela goma yana da wanda zai buga wa waya, mai buhu biyar a kan a-kori-kura ba shi da kowa. Ta haka cin hanci ke hana ƙarami girma, ya tsare wa babba wurinsa. An kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA a 2011, aka maye ta da COLDEFF a 2023. Mizanin da talaka zai auna kowace hukuma da shi ɗaya ne, ko shingayen da ke tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa sun ragu.

Ba ni da jari, banki na neman jingina, ga kuma maganar riba. Ina mafita?

Wata mafita da ta shahara a duniya daga nan ta fita, ko da yake ba kowa ya sani ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a ƙauyukan jihar Maraɗi, ta ɗora a kan adashin da mata suka gada. Mata kamar ashirin zuwa talatin suna zubi duk mako a akwati, suna ranta wa junansu, a ƙarshen zango su fasa su raba. Ba kuɗin waje, ba jingina sai mutunci. Yau miliyoyin mutane a Afirka da Asiya suna bin wannan tsari. Ƙarfinsa shi ne kowa na ganin lissafi da idonsa, abin da ake nema daga hukuma a amsar da ta gabata kan haraji.

Iyakarsa kuma a fili take. Asusu zai saya miki akuya ko buhun gyaɗar ƙuli-ƙuli, ba zai sayi injin niƙa ba. Daga nan sai ƙananan bankuna, waɗanda dokar yankin sefa ta hana su wuce kashi 24 cikin 100 a shekara idan an haɗa duk caji. Kafin ki sa hannu, Hajiya, ki ce a faɗa miki jimillar abin da za ki mayar a jikka, ba kashi na wata ba. Mai gudun riba kuma ya tambayi tsarin murabaha, inda za a sayi kayan a sayar masa da ƙarin da aka yi yarjejeniya a kansa tun farko, ko ya nemi mai jari su yi ƙiradi, su raba riba.

Me ya sa kullum ake cewa a ba mata jari? Maza fa?

Domin a gidajenmu da yawa, maigida hatsi yake fitarwa, amma cefane na ƙari, sabulu, abin karin yara da kuɗin zuwa likita sau da yawa daga hannun uwa suke fitowa. Kuɗin fura, ƙosai, zogalen Jiratawa da man gyaɗa su ne ke shiga cikin yaro kai tsaye. Abin damuwa shi ne a kudancin jihar, inda ƙasa ta yi ƙaranci, gamanar da ake yanka wa mace daga gandu ita ce ta fara ɓacewa. An rage mata gona, ba a ba ta gadon da shari'a ta ba ta ba, sannan a Nijar kusan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin shekara 18, yawanci karatu ya tsaya nan. Mace marar gona, marar karatu, ana so ta yi sana'a da me? Ba gasa ake haɗawa da maza ba. Gida ɗaya ne.

Akwai wani abin da gwamnati ta taɓa yi da ya canza rayuwar talaka a zahiri?

Akwai, kuma adalci ne a faɗa. A 1992 cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kai shekara biyar. A 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Ba arzikin ƙasa ne ya ninka ba. Ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, rigakafi, gidan sauro, cibiyoyin tamowa, da dokokin 2005 da 2006 da suka sa jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta, su suka yi aikin. Inda tsarin ya yi rauni shi ne jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, sai magani ya ƙare, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya. Wannan ya shafi mai sana'a kai tsaye, domin ciwon yaro ɗaya na iya cinye jarin mai ƙosai gaba ɗaya.

Misali na biyu shi ne sassaben zamani. A da, itacen da ke gona a hannun hukuma yake, manomi na iya shan tara don ya sare reshen gawon da ke gonarsa, don haka babu mai sha'awar barin tsiro. Daga 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya riƙa nuna wa manoma su bar tohon kututture su gyara shi maimakon su ƙone. Dabarar ba ta cin ko sisi, amma ba ta bazu sosai ba sai da jami'an gandun daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa hakan, ƙauyuka irin Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaron itatuwa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Itacen girki, abincin dabbobi, taki, da abin sayarwa a shekarar da damana ta ƙi.

Manomi yana sayarwa da araha a kaka, ya saya da tsada a bazara. Laifin ƴan kasuwa ne?

Ɗan kasuwa yana cin moriyar abin, amma tushensa bashi ne da rashin wurin ajiya. Akwai magani biyu da aka gwada a nan. Na farko jinginar amfanin gona: ƙungiyar manoma ta zuba hatsi a sito mai makulli biyu, ɗaya a hannunta ɗaya a hannun mai ba da bashi, a karɓi kuɗi a yi sana'ar rani, a biya, a fitar da hatsi lokacin da ya yi daraja. Na biyu buhun PICS mai ciki uku, wanda masu binciken cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, a Maraɗi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, yana tsare wake daga ƙwari ba tare da guba ba.

Haramcin fitar da hatsi da aka sa a Oktoba 2024, ban da zuwa Mali da Burkina, ya sauƙaƙa wa mai saye a birni, amma ya rage wa manomin da ya saba sayarwa kudu. Idan za a yi irin wannan doka, a sanar da ita kafin shuka, ba bayan girbi ba.

Matsalar tsaro fa?

Tun 2019 yankunan Gidan Rumji da Madarunfa ke karɓar ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, kuma satar shanu da garkuwa da mutane sun tsallako. Kuɗin fansa jari ne da aka tara shekaru, ya tafi a dare ɗaya. Gonar da ake tsoron zuwa ba ta da amfani ko ruwa ya yi kyau. Duk abin da aka faɗa a sama kan bashi da ajiya, da sharaɗin mutum zai kwana gidansa lafiya ne.

Jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi zai kawo mana ci gaba?

Layin mai tsawon kimanin kilomita 284 ne, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Najeriya ce ta ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal kwangilar, aka aza harsashi a Fabrairu 2021. Idan ya kama aiki, kuɗin dakon kaya masu nauyi zai sauka, kuma Kano ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba.

Amma jirgi zuwa yake yi ya dawo. Abin da zai kawo mun san shi: siminti, taki, kayan masana'antun Kano da Legas. Abin da zai ɗauka daga nan shi ne ba a shirya ba. In ɗanyar aya da dabbobi a tsaye ne, to ribar sarrafawa can za ta ci gaba da zama. Abubuwan da ya dace ƙungiyoyin ƴan kasuwa da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su matsa a kansu tun yanzu su ne wutar da za ta riƙe inji da ɗakin sanyi na nama, fili kusa da tasha wanda ƙananan masu sarrafawa za su iya haya, duwan da ke gama takarda a wuri ɗaya da kuɗi sananne, da diyyar gaskiya ga manoman da layin ya ratsa gonakinsu.